Yarjejeniyar sulhu da rantsuwar sirri: abin da ma'aikacin gwamnati ya kamata ya sani kafin ya bar aiki

Yarjejeniyar sulhu takarda ce da ma'aikaci da hukumarsa ke sa wa hannu don kashe rigimar sallama ko bashin haƙƙoƙi. Hukuma ta biya abin da aka daidaita a kai, shi kuma ya janye ƙara. Wani lokaci a ƙara da sharaɗin kada ya faɗa wa kowa abin da aka yi.

Maganar ta shafi Jos sosai, domin gari ne na ma'aikata: ga Sakatariyar Joseph Gomwalk, ga Jami'ar Jos da asibitin JUTH, ga hedikwatar ITF. A 2023 ma Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da ma'aikatan da aka ɗauka a ƙarshen mulkin Simon Lalong.

Irin wannan rigima Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta, kamar yadda sashe na 254C na tsarin mulki ya tanada. Tana da reshe a Jos, haka ma Legas da Ibadan. Idan aka sasanta, kotu kan mayar da takardar hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu. Wato in ka sa hannu, bakin alƙalami ya bushe.

Shi kuwa sirri, tun ran kama aiki ake rantsuwa a kansa, kuma ritaya ba ta warware shi. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14.

Amma shirun yana da iyaka. Sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kare jami'in da ya fallasa zamba, almubazzaranci da kuɗin jama'a ko haɗari ga lafiyar mutane. Tun Disambar 2016 kuma gwamnatin tarayya ke da shirin tukwici ga masu kwarmato, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Fansho ma haƙƙi ne: sassa na 173 da 210 na tsarin mulki sun hana riƙe shi sai bisa doka.

Don haka kada a sa hannu a tsaitsaye. A karɓi kwafi, a kai wa lauya ko ƙungiyar ƙwadago, a tabbata an rubuta adadin kuɗi, ranar biya, da matsayin fansho da giratuti.