Daga Lifidin Kanajeji zuwa Allurar Tsakar Gida: Tarihin Ɗinkin Hannu a Karkarar Kano

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya ga 'yan lifida: dawaki lulluɓe da riga mai kauri tun daga wuya har gwiwa, an haɗa ta da ƙyallaye masu launi iri-iri, mahayan su ma sun sha tasu. Yawancin 'yan kallo ado kawai suke gani. Amma wannan riga aikin allura ce, kuma dabarar yin ta ba ta da wuyar bayani: a shimfiɗa ƙyalle, a baza auduga a kai, a rufe da wani ƙyallen, sannan a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Da wannan dabarar ce mai katifa yake aiki a kasuwar ƙauye har yau. Idan aka bi sawun allurar nan daga fada zuwa ƙauyukan Minjibir da Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa, za a ga sana'ar da ta yi ta sauya hannu da sauya kama, amma abu ɗaya bai sauya ba: wanda ya riƙe allurar shi ne mai ƙaramin rabo.

Auduga a fagen fama

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. A zamaninsa ne aka ce mayaƙan Kano suka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke ƙarfe ne, mai tsada ne, kuma yawanci daga nesa ake kawo shi. Lifidi kuwa kayan haɗinsa na gida ne: saƙar ƙasa, zaren da mata suka kaɗa, da auduga ta gona ko ta rimi. Kibiya mai dafi idan ta faɗa cikinsa sai ta maƙale kafin ta kai fata. Shi ya sa 'yan lifida suka zama katangar sarki a wurin yaƙi.

Yana da nasa aibin. Nauyi gare shi, yana gajiyar da doki, kuma mahayin da ya faɗi da ƙyar yake tashi sai an taimaka masa. Ga shi ba ya shiri da wuta, musamman wanda aka cusa wa audugar rimi. Duk da haka ya yi ƙarni biyar ana dogaro da shi, ba a Kano kaɗai ba, har Borno da Bagarmi da ƙasar Sudan. Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya ga 'yan lifida da idonsa a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, lokacin da aka kai wa Gobirawa hari.

Ƙasa mai yawan jama'a, rani mai tsawo

Fada ce ke sa lifidi, amma audugar da zaren daga karkara suke fitowa. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarinta a shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da taki, jakuna suna kai itace birni suna dawowa da shara da toka. Gonaki ƙanana ne, gado yana ƙara raba su, damina kuwa wata huɗu ce ko biyar. Magidancin da ya dogara da gero da dawa kaɗai ba zai kai wata kakar ba. Dole kowane gida ya sami sana'ar rani, kuma babbar sana'ar ita ce ta tufafi.

An raba aikin tsakanin maza da mata. Mace ke gurzar auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da taskira da alli tana kaɗi. Siririn zare mai ƙarfi shi ne na tsaye a masaƙa, abawa mai kauri kuma ita ce ke tafiya a ƙoshiya. Maza ke saƙa siraran ƙwarya a ƙarƙashin inuwa, mata kuma suna saƙa gwado mai faɗi a masaƙar tsaye a cikin gida. Minjibir ta yi suna a saƙa, kamar yadda Kura da ke kudancin birni ta yi suna a rini da bugu. Ɗinki kuwa, na riga ko na hula, aikin maza ne, kuma malamai da almajirai sun fi kowa riƙo da shi, domin sana'a ce da ake yi a zaune, ba ta hana karatu.

Da Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba. Ya gan su ana kai su Ghat da Murzuk da Tarabulus da Timbuktu. Abin da ya fi burge shi shi ne duk wannan arziki a gidaje ake samar da shi, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba. Sai dai a tuna cewa kafin masaƙi ɗaya ya cika ƙoshiyarsa, mata da yawa sun kwana suna kaɗi, cikinsu har da bayi a rinjoji. Babban attajirin kasuwar Kurmi ya san farashin turkuɗi a Agadas. Tsohuwar da ta kaɗa zaren kuwa abin da dillaliya ta kawo mata shi ne farashi.

Zaren ma yana da daraja hawa-hawa. Akwai na auduga, akwai tsamiya da ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi a jikin itatuwa, a dafa ta da toka kafin a kaɗa, akwai kuma alharini da fatake ke ketowa da shi ta Sahara. Da irin waɗannan ake fitar da aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, aikin da kan ci watanni.

Abin da 1903 ta zo da shi

A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, kuma auduga ba ta tare harsashi. Daga nan lifidi ya bar fagen fama ya koma kayan hawa. Turawa sun so karkarar Kano ta noma wa masaƙun Ingila auduga, amma da jirgin ƙasa ya iso a 1911 sai manoma suka zaɓi gyaɗa, ragowar audugar kuma masaƙan gida suka ci gaba da saye da daraja. Saƙar hannu ba ta mutu nan take ba. A hankali aka ci ƙarfinta: akoko da atamfa suka cika kasuwa, aka buɗe masaƙar zamani ta Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Zaren inji ya fi arha kuma ya fi daidaito, don haka masaƙan ƙauye da kansu suka koma saye.

Wadda ta fi kowa asara ita ce mai kaɗi. Sana'ar da kusan kowace mace ta iya, wadda take yi a cikin kulle ta sayi sabulu ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta zama ba ta biyan wahala. Masu katifa da matashi, magadan dabarar lifidi na kai tsaye, su ma katifar soso ta rage musu ciniki, ko da yake har yanzu ana ganinsu a kasuwannin ƙauye da buhunan audugar rimi.

Allura ta koma hannun mata

Mace ba ta zama haka nan. Da keken ɗinki ya yaɗu maza suka koma teloli, wasu suka tafi cin rani ko aikin kamfani, sai allurar da suka ajiye ta faɗa hannun mata. Daga wajen shekarun 1970 ɗinkin hula ya zama aikin matan aure da 'yan mata a gidaje da yawa, a daidai lokacin da matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin babbar riga. Yau idan ka shiga tsakar gida a ƙauyukan arewacin Kano bayan an sauke tukunya, ba wuya ka tarar da mata a kan tabarma, kowa da ƙyallenta da zarenta, ana hira ana ɗinki. Ga wasu abin ɗebe kewa ne, ga wasu kuma shi ne zubin adashi. Akwai kuma masu karɓo yankakkun ƙyallaye daga shagon tela su harhaɗa su zama shimfiɗar jariri ko rigar filo ko abin rufa na sanyin hunturu.

Irin wannan haɗe-haɗe ba a Kano kaɗai ake yin sa ba. Matan Bangaladesh suna jera tsofaffin zannuwa su ɗinke su zama abin rufa da suke kira kantha. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, jikokin bayi sun yi ta ɗinka barguna daga tsofaffin tufafin gona don maganin sanyi, har aka baje su a gidan kayan fasaha na birnin Houston a 2002, duniya ta san darajarsu. Ɗinkin bai sauya ba a shekarar. Abin da ya sauya shi ne an fara ambaton sunan mai aikin.

Yadda ake yanka farashi

Hula ɗaya takan bi ta hannaye da yawa. Akwai mai sayar da ƙyalle da zare, wanda yawanci daga Kantin Kwari ko Kurmi yake saro su. Akwai mai zane, akwai mai ɗinki, akwai mai haɗawa, akwai mai wanki da ke sa mata sitaci ya ɗora ta a kan gungume ta fito da tsayuwa, sannan ɗan kasuwa. Hanya biyu mace ke bi. Ko dai ta karɓi aikin wani, a ba ta ƙyalle da zare a biya ta ladan hannu, ko ta sayi kayanta ta ɗinka ta ba dillaliya, a cire la'ada. Ta farko ba ta da asara amma ladan kaɗan ne. Ta biyu tana iya samun riba, amma jarinta na iya kwana a kasuwa.

Zaren da ake ɗinki da shi yanzu na kanti ne, kuma mai kyansa daga waje yake zuwa, don haka farashinsa yana bin dala. Karyewar naira bayan 1986 ta taɓa shi, ta 2023 ma haka. Idan zare ya tashi, mai sayarwa ya ƙara nan take. Ladan ɗinki kuwa sai a ce a yi haƙuri kasuwa ba ta tafiya. Mai ɗinki sai ta koma wa zare mai arha, ya zuba a wankin farko, mai saye ya ce aikin hannu ya lalace, ya juya ga hular inji.

Tushen matsalar shi ne ana lissafa ƙyalle da zare da la'ada, ba a lissafa kwanaki. Saboda a gida ake aikin, tsakanin girki da raino, sai a ɗauka lokacin ba shi da kuɗi. Alhali manomin yankin ya san abin da yake biyan ɗan ƙodago a yini, kuma ba ya neman ragi don gonar tana kusa da gida. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna aikin allura: a ƙirga yinin da hular ta ci, a haɗa da kuɗin kaya, sannan a fara ciniki. Mata da ke adashi tare suna iya sayen zare tare a sari, su kuma tsayar da ladan da ba za su sauka ƙasa da shi ba. Wayar hannu ta ba su abin da kakanninsu masu kaɗi ba su taɓa samu ba, wato sanin nawa ake sayar da aikinsu a birni.

A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Karramawar ta dace, amma rigunan da hulunan da ke ƙawata hawan ba za su ɗore ba idan yarinyar da ke koyon ɗinki a Minjibir ta lissafa ta ga talla ta fi allura riba. Mai sayen hular hannu yana da rabonsa a wannan hukunci, kuma yana yanke shi ne a lokacin da yake taya farashi.