Tsintar sikalof a gaɓar Fulorida: yadda sana'ar take da dokokin da suka ɗaure ta

A kowace shekara daga tsakiyar watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, wasu ƙananan garuruwa na yammacin jahar Fulorida ta ƙasar Amurka kan cika da baƙi. Abin da ke kawo su wata ƴar halitta ce ta teku mai ɓawo biyu da ake kira sikalof, wadda Faransawa ke ce wa pétoncle. Duk wanda ya san tambarin kamfanin man fetur na Shell ya san siffar ɓawonta. Jama'a kan biya kuɗi a ɗauke su a kwale-kwale mai inji, jagora ya kai su inda ruwa ba shi da zurfi, su yi nutso su tsinto ta da hannu, da yamma a soya a ci.

Halittar kanta

Irin da ake tsinta a Fulorida masana na kiransa Argopecten irradians. Faɗin ɓawon bai cika wuce santimita 7 ko 8 ba. Tana zaune ne cikin ciyawar da ke tsiro a ƙarƙashin teku, galibi a zurfin mita 1 zuwa 3, kuma abincinta ƙananan halittu ne da take tacewa daga ruwa. A gefen bakinta akwai jerin idanu shuɗɗa fiye da 30, waɗanda ke gane motsi da inuwa. Idan ta ji haɗari sai ta riƙa buɗe ɓawo tana rufewa da sauri, ruwan da take fesarwa ya tura ta gaba. Tsokar da ke yin wannan aiki, fara mai kaurin babban yatsa, ita ce naman da ake nema.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne gajertar ranta. A ruwan Fulorida shekara guda take yi, ko ta ɗan ɗara. Kowace ɗaya namiji ce kuma mace ce, tana zuba ƙwai da maniyyi cikin ruwa a lokacin da sanyi ya fara shigowa, bayan haka akasarinsu su mutu. Ke nan idan shekara ɗaya ta ɓaci, babu tsofaffin da za su cike gurbi a shekara mai zuwa. Kuma tunda a cikin ruwa ƙwai da maniyyi ke haɗuwa, in suka yi ƙaranci har suka yi nisa da juna, haihuwar ma ba ta yiwuwa.

Yadda fitar take kasancewa

Garuruwan da suka yi suna a wannan harka su ne Crystal River, Homosassa, Steinhatchee, Keaton Beach da Port St. Joe, duka a gaɓar mashigin tekun Meziko. Teku a wannan yanki shimfiɗe yake, mutum kan yi tafiyar kilomitoci daga gaɓa ruwan bai fi tsayinsa da yawa ba, ga shi garau saboda maɓuɓɓugan da ke kwarara cikinsa.

Da sassafe ake tashi, kuma fitar kan ɗauki rabin yini. Yawancin ƙananan jiragen mutum 6 suke ɗauka, domin iyakar abin da takardar matuƙin, wadda rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke bayarwa, ta amince masa ke nan. Jagoran ne ke ba da kayan aiki: gilashin rufe ido da hanci, bututun numfashi, takalmin roba mai kamar ƙafar agwagwa, da jakar raga. Mutum ya kwanta rub da ciki a saman ruwa yana duba ciyawa, in ya hango ɓawo ya riƙe numfashi ya sauka ya ɗauko. Ba ta cizo, amma takan matse yatsa. Yara da tsofaffi duk suna yi, abin da ya sa iyalai suka ɗauke shi a matsayin nishaɗin lokacin hutun makaranta.

Amfanin jagora ba tuƙi kawai ba ne. Sikalof ba ta taruwa wuri ɗaya kowace shekara, shi kuwa kullum yana kan ruwa, ya san inda aka samu jiya. Ya san duwatsun da ke ɓoye a mashigar Homosassa, waɗanda suka sha lalata injin baƙi. Sannan lasisin jirginsa ya wadatar wa fasinjojinsa, alhali wanda ya fita da nasa jirgin sai ya sayi takardar izinin kamun kifi a teku. Bayan an fito akan zuba abin da aka samu cikin ƙanƙara, sanyi ya sa ɓawon ya buɗe, a sa cokali ko wuƙa a ciro tsokar. A bakin tashar jiragen akwai masu yin wannan aiki a biya su, akwai kuma gidajen abinci da ke dafa wa mutum abin da ya kawo.

Doka

A da ana kama sikalof da yawa don sayarwa a Fulorida, har wajen Tampa da kudancinta. Gurɓatar ruwa, da mutuwar ciyawar teku, da yawan kamu suka taru suka kusan ƙarar da ita, shi ya sa a 1994 hukumomin jahar suka haramta kamun kasuwanci baki ɗaya. Har yau haramun ne mutum ya sayar da abin da ya tsinta. Ɗan sauran da aka bari na nishaɗi, hukumar kula da kifi da namun daji ta jahar, FWC, ce ke tsara shi.

Da hannu ake kamawa ko da ƴar koma ta hannu, ban da jan raga a ƙasa. A mafi yawan yankuna, rabon mutum ɗaya a yini shi ne galan 2 da ɓawo, wato kimanin lita 7 da rabi, ko kuma kusan rabin lita na zallan nama. Jirgi ɗaya ba ya wuce galan 10, kimanin lita 38, ko da mutum nawa ya ɗauko. Kowane yanki da lokacinsa: a Crystal River da Homosassa daga 1 ga Yuli zuwa 24 ga Satumba, a Steinhatchee tun 15 ga Yuni ake buɗewa amma da rabin wancan rabo har ƙarshen watan, a Port St. Joe kuwa sai tsakiyar Agusta. Gundumar Pasco da aka rufe tun 1994 ba ta sake buɗewa ba sai a 2018, shi ma na kwana 10. Dole ne kuma jirgi ya ɗaga jar tuta mai farin layi a karkace muddin akwai mutane cikin ruwa, masu nutso kada su yi nisa da ita fiye da kimanin mita 90, sauran jirage su rage gudu idan sun matso. Haɗarin da aka fi tsoro a nan farfelar jirgin wani ce, sai tsawar da hadarin la'asar ke zuwa da ita.

Abin da ke barazana

Akwai abin lura a wannan tsari: lokacin tsinta yana zuwa ne kafin lokacin haihuwa, don haka duk wadda aka ɗauka ba ta riga ta zuba ƙwai ba. Iyakar da aka sa wa kowane mutum tana da kyau, amma babu iyaka ga yawan jiragen da za su fita, kuma a ranakun ƙarshen mako ɗaruruwa ne ke jibge a wuri guda. Farfelarsu kan yanka ciyawar ƙasa, tabon ya ɗauki shekaru bai warke ba.

Sai gansakuka mai guba da kan mayar da ruwa ja. Ita ta kashe sikalof masu yawa a mashigin St. Joseph a ƙarshen 2015, har aka taƙaita lokacin tsinta a 2016. Irin wannan ta faru a arewa a 1985, lokacin da wata gansakuka ruwan ƙasa ta durƙusar da kamun sikalof a gabashin tsibirin Long Island. Guguwa ma ba ta bar yankin ba: Idalia ta afka kusa da Keaton Beach a Agustan 2023, Debby ta sauka kusa da Steinhatchee a Agustan 2024, Helene ta biyo baya a Satumban 2024, suka rusa gidajen baƙi da tashoshin jirage a garuruwan da cinikin waɗannan watanni ke riƙe da su.

Don farfaɗo da ita, hukumar FWC ta fara wani shiri a 2016 da kuɗin diyyar malalar man Deepwater Horizon ta 2010. Dabarar mai sauƙi ce: a tara sikalof cikin keji a ƙarƙashin ruwa, kaguwa da kifi ba su kai gare su ba, kuma suna dab da juna lokacin zuba ƙwai. A 2018 aka fara raba irin waɗannan kejin ga ƴan sa kai, su kula da su, su riƙa ƙirgawa kowane wata suna aika wa masana.

Wanda ya sayi irin wannan sikalof a kanti a Amurka, mai yiwuwa ba daga Fulorida ta fito ba. A 1982 aka kai irin daga gabashin Amurka zuwa ƙasar Sin, inda ake kiwonsa cikin raga a teku, kuma daga can kaso mai yawa na wanda ke kasuwannin duniya ke fitowa.