Lambun Yara: Makarantar da Gwamnatin Furushiya Ta Haramta

A watan Agusta na shekarar 1851, ministan ilimi na ƙasar Furushiya, Karl von Raumer, ya ba da umarnin rufe wasu makarantu. Abin da ake yi a cikinsu bai wuce yara ƙanana su rera waƙa, su jera guntayen katako, su yi wa shuka ban ruwa ba.

Wanda ya ƙago su shi ne Friedrich Froebel, Bajamushe da aka haifa a 1782. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana jariri, kuma da ya tasa aka kai shi koyon aikin gandun daji. Daga baya ya zauna wurin mashahurin malamin nan Pestalozzi a Suwizalan. A 1837 ya buɗe cibiyar wasan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 kuma ya raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara.

Lambun kuwa na gaske ne. Kowane yaro yana da ɗan fegi nasa, ya shuka abin da ya ga dama, sannan akwai kwamin da ake nomawa tare. A ganin Froebel, wasa shi ne aikin yaro mafi muhimmanci, domin ta nan yake gane siffa da lissafi da zama da mutane. Kayan wasan da ya tsara, tun daga ƙwallayen ulu har zuwa tubalan katako, ya kira su kyaututtuka. Ya kuma dage cewa mata ne za a horar su riƙe aikin, abin da bai yi wa masu mulki na lokacin daɗi ba.

Gwamnatin da ta tsallake boren 1848 da ƙyar ta zargi makarantun da yaɗa gurguzu da rashin yarda da Allah. Zargin na biyu abin mamaki ne ga ɗan limamin coci mai riƙo da addini. Masana tarihi da yawa na ganin an rikita shi ne da ɗan ɗan'uwansa, Karl Froebel, mai ra'ayin sauyi. Ya rubuta koke, ba a saurare shi ba, ya rasu a watan Yunin 1852.

Sai dai tsarin ya riga ya bi masu gudun hijira. Bertha Ronge ta buɗe irinsa a Landan, ƙanwarta Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856, a garin Watertown na jihar Wisconsin. Furushiya ba ta janye haramcin ba sai a 1860, shekara takwas bayan rasuwar mai shi.