Tarihin Tsargiya da Taurin Naman Jiki: Darasi daga Gaɓar Kogin Shari

Gabatarwa

Birnin N'Djamena yana zaune ne a inda kogin Lagon ya haɗu da kogin Shari, kafin ruwan ya gangara Tafkin Chadi. Faransawa ne suka kafa shi a 1900 da sunan Fort Lamy, aka sauya masa suna a 1973, kuma tun farkon kafuwarsa Hausawa fatake da maniyyata aikin hajji suka yada zango a cikinsa. Ruwan da ya raya birnin da kamun kifi da noman rani shi ne kuma matattarar katantanwar da ke yaɗa tsargiya, wato cutar fitsarin jini. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda masana suka gano cewa babbar ɓarnar tsargiya tana faruwa ne lokacin da naman jiki mai taushi ya rikiɗe ya yi tauri.

Saƙar da ke riƙe da jiki

Ƙwayoyin halitta ba a sake suke cikin jiki ba. Akwai wata saƙa ta zaruruwa da ke kewaye da su, tana riƙe kowace a mazauninta. Babban zarenta shi ne kolajin, mai ƙarfi da hana yagewa, sai ilastin, mai talewa ya koma yadda yake. Majeman Kano da Sakkwato sun daɗe suna aiki da wannan saƙa. Idan suka tuje gashi suka kankare nama, abin da ya rage a fata galibinsa kolajin ne, kuma ruwan bagaruwa yana ɗaure zaruruwan ne don kada su ruɓe. Kowace gaɓa tana da gwargwadon taushinta: ƙwaƙwalwa lallausa ce ƙwarai, ƙashi kuwa tauri ne aikinsa. Mafitsara dole ta tale idan ta cika, ta tsuke idan ta zubar.

Daga tsutsa zuwa tabo

A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar tsargiya a jijiyoyin jinin gawar da yake bincike a Alƙahira. A 1910 Marc Armand Ruffer ya sami ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin Misirawan da suka rasu kimanin shekara dubu uku da suka wuce. A 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa katantanwar ruwa ce ke rainon tsutsar kafin ta huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi. Duk wannan zamani hankalin masana yana kan tsutsar.

Sai dai tun 1904 William Symmers, shi ma a Alƙahira, ya bayyana wani abu daban. Ya ga hantar wasu majinyata da farin tabo mai kauri kewaye da jijiyoyinta, kamar an tura bututun farar ƙasa a ciki. An ɗauki shekaru kafin a fahimci tushen tabon. A 1967 Kenneth Warren da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa garkuwar jiki ce da kanta ke taruwa a kan kowane ƙwai da ya maƙale a nama. Daga nan jiki yakan lulluɓe wurin da kolajin, kamar yadda yake rufe rauni. Tsutsar kuwa tana zuba ɗaruruwan ƙwayaye a kullum na tsawon shekaru, don haka tabo kan hau kan tabo.

Nau'in da ya fi yawa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Hausa shi ne mai zama a jijiyoyin mafitsara. Idan cutar ta daɗe, bangon mafitsara yakan yi kauri, wani lokaci har ya ƙandare, ya kasa talewa. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yakan tsuke, fitsari ya koma baya ya kumbura ƙodar. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da ke jawo sankarar mafitsara tun 1994. Ɗaya nau'in, mai zama a jijiyoyin hanji, shi ke taurara hanta, jini ya rasa hanya, saifa ta kumbura, har majinyaci ya yi aman jini.

Auna tauri

Likitocin da suna gane hanta mai tauri ne ta hanyar latsa ciki da hannu. Daga baya kimiyya ta nuna cewa su ma ƙwayoyin halitta suna jin taurin abin da suke kwance a kai. A 2006 Adam Engler da Dennis Discher suka nuna cewa ƙwaya iri ɗaya takan karkata zuwa siffar ƙwayar jijiya a kan shimfiɗa mai laushi, ta karkata zuwa ta ƙashi a kan mai tauri. Wannan ya haska dalilin da tabo ke haifar da tabo: nama mai tauri yana zuga ƙwayoyin da ke saƙa kolajin su ƙara ƙaimi. A 2003 kuma aka fito da na'urar FibroScan a Faransa, mai auna taurin hanta ba tare da yanka ba. Lafiyayyar hanta takan nuna kimanin kilofaskal 5, wadda ta haura 12.5 kuwa ana ɗaukarta ta ƙandare. Ana amfani da na'urar ga masu ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma ya yawaita a Chadi da Nijeriya da Nijar.

Kammalawa

Maganin tsargiya, furazikwantel, ya samu tun shekarun 1970, kuma yana kashe tsutsar. Sabon tabo yakan ragu bayan an sha shi, amma wanda ya shekara da shekaru ba ya warwarewa duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa a shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi mayar da hankali ga rabon maganin ga yara 'yan makaranta. A wurare da dama ana ɗaukar jan fitsarin yaro alamar balaga, ba a kai shi asibiti. Yaron da ke ninkaya a Shari, ko a magudanan noman rani na Kadawa, mafitsararsa tana da sauran taushi, kuma a wannan lokaci ne magani ya fi yi masa amfani.