Yadda Laburaren Kashim Ibrahim Ya Zama Abokin Aikin Masu Bincike

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoba, 1962, ba daga fili ta fara ba. Ta gaji makarantu da cibiyoyin da suka riga ta: Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke Samaru, Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru. Kowace ta zo da ɗan tarin littattafanta. Tarin kwalejin ne ya zama tushen babban laburaren jami'ar, wanda aka raɗa wa sunan Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. A 1976 laburaren ya ƙaura zuwa ginin da yake ciki har yau.

A shekarun farko aikin laburare sananne ne: a sayo littafi, a ba shi lamba, a jera shi a kanta, a ara wa mai bukata. Mai neman littafi zai tsaya gaban akwatunan kati, ya bi jerin haruffa da sunan marubuci ko fannin da yake nema, ya kwafe lamba, sannan ya nufi kanta. Wanda ya rasa inda zai dosa sai ya je teburin tambaya. A wannan teburin ne taimakon masu bincike ya fara, domin ma'aikacin da ke zaune a wurin shi ya san wace mujalla ce ta taɓa buga aiki a kan gyaɗa ko cutar shanu. Kasancewar sassan jami'ar a warwatse suke, rassa suka tsiro kusa da masu bukatarsu: Laburaren Shugaba Kennedy a Kongo, na aikin gona a Samaru, na likitanci, da na likitancin dabbobi.

Babbar matsalar wancan zamani ita ce ƙarancin ƙwararru 'yan ƙasa. Jami'ar Ibadan ta riga ta fara horas da masu digiri a wannan fanni, amma Arewa tana bukatar ma'aikata da yawa kuma cikin gaggawa. Don haka a 1968 jami'ar ta buɗe sashen koyar da aikin laburare, wanda ya zama na farko a Nijeriya da ya ba da digirin farko a fannin. Ɗaliban da suka fito daga nan su suka riƙe laburaren jami'o'i da kwalejoji da dama a faɗin Arewa. A gefe guda kuma, shirin binciken tarihin Arewa da aka fara a 1964, da Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, sun tattaro rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, suka nuna cewa abin da ke cikin gafakar malamanmu shi ma kayan bincike ne.

Sai shekarun ƙunci suka zo. Faɗuwar farashin man fetur da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya darajar naira. Mujallun ilimi da kuɗin waje ake sayensu, saboda haka jami'o'in ƙasar nan suka yi ta dakatar da biyan kuɗinsu. Malami zai zo neman sabon bugu ya tarar da jerin mujallar ya tsaya shekaru da dama baya. Wannan hali yana cikin abin da ya sa ƙungiyar malaman jami'o'i ta matsa lamba har ta cimma yarjejeniya da gwamnati a 1992. Daga nan aka kafa asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya koma TETFund a 2011, kuma har yau yana ware kaso na musamman don bunƙasa laburare.

Kwamfuta ce ta buɗe wata ƙofar. Da fari an samu mujallu a kan faifan CD, kamar tarin TEEAL na aikin gona da Jami'ar Cornell ta Amurka ta shirya. Bayan shigowar intanet, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da HINARI a 2002, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta biyo da AGORA a 2003, duka don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta dubban mujallu kyauta ko da rahusa. A wannan tsakani gidauniyoyin Carnegie da MacArthur suka tallafa wa jami'ar, aka soma mayar da bayanan akwatunan kati cikin kwamfuta, aka kuma horas da ma'aikata.

Nan ne aikin ya sauya kama. A da littafin ne babu. Yanzu abin karantawa ya yi yawa har mai nema yana ruɗewa. Saboda haka laburaren jami'a ya koma wurin koyarwa. Sabon ɗalibi yana ɗaukar darasin amfani da laburare cikin darussan bai ɗaya. Masu digiri na biyu da na uku kuwa bita suke bukata: yadda ake zaƙulo maƙala daga rumbunan intanet, yadda ake tsara manazarta da manhajoji irin su Mendeley da Zotero, yadda ake kauce wa satar fasaha, da yadda ake gane mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba. Jami'ar ta kuma buɗe rumbun Kubanni a intanet, inda ake ajiye kundayen digiri, ta yadda mai bincike a Maiduguri ko Yamai zai karanta aikin da aka yi a Samaru ba tare da ya hau mota ba.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa kowace hidima wata matsala ce ta haife ta, kuma mutane ne suka tsaya har aka warware. Kiranmu ga hukumomi shi ne su tabbatar da wutar lantarki, da intanet, da horas da ma'aikata akai-akai, domin ba tare da su ba rumbunan nan ba su da amfani. Kai kuma ɗalibi, kada ka bari sai lokacin rubuta kundi ya ƙure sannan ka nemi teburin tambaya. Je ka tun a shekarar farko, ka yi tambaya, ka halarci bita, saboda dominka aka tanade su.