Hosfis: Jinyar Mai Ciwon Ajali da Kula da Iyalinsa

Hosfis shi ne kulawar da ake yi wa majinyacin da likitoci suka tabbatar cutarsa ba ta warkuwa kuma kwanakinsa sun ƙarato, kamar mai ciwon daji da ya riga ya bazu, ko wanda ƙoda ko hanta ta gaza. A wannan mataki an daina neman kawar da cutar. Abin da ake nema shi ne a kwantar da zafin ciwo, mutum ya ƙarasa kwanakinsa da mutunci a cikin danginsa. Wani lokaci gida ne na musamman da ake kwantar da majinyata, amma galibi ma'aikatan ne ke zuwa har gida.

Wadda ta kafa wannan tsari a zamaninmu ita ce Cicely Saunders, Kirista 'yar Ingila, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan. Ta koyar cewa azabar mai mutuwa ba ta jiki kaɗai ba ce: akwai tsoro, akwai damuwar abin da 'ya'ya za su ci, akwai tambayar ko Allah ya yashe shi. Shi ya sa aikin yake haɗa likita da nas da mai ba da shawara da malamin addini. A Afirka, an kafa Island Hospice a Zimbabuwe a 1979. Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likitan mishan a Najeriya, ta fara nata a Kampala ta Yuganda a 1993, ta yaɗa amfani da ruwan mofin mai araha da ake sha ta baki. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan yana cikin waɗanda suka fara buɗe sashen irin wannan kulawa.

A yankinmu irin waɗannan gidaje ba su da yawa. Abin da aka fi sani shi ne likita ya ce a mai da mutum gida, sai iyali su ɗauka an gama ke nan. Wasu su sayar da gona da shanu, su yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan gidan addu'a, majinyaci yana wahala a bayan mota. Ya kamata kafin a bar asibiti a tambayi likita maganin ciwo da yadda za a riƙa ba da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara maganin ciwo hawa uku: a fara da irin su farasitamol, idan bai isa ba a hau zuwa irin su kodin, sa'an nan mofin. Ruwan mofin ana ba da shi bisa agogo, yawanci kowace awa 4, ba a jira sai ciwo ya taso. Mutane da yawa suna tsoronsa, suna ganin yana gaggauta mutuwa. Idan likita ne ya auna shi daidai da ciwon, ba haka yake ba. Yakan kawo taurin bayan gida, saboda haka ake haɗa shi da mai sassauta ciki. Kada a saye shi a hannun masu talla.

Sauran jinyar a hannun iyali take. A riƙa juya majinyaci kamar kowace awa 2 don kada gyambo ya fito masa a baya da ƙugu. Idan ya daina son abinci kada a yi masa ɗura, domin yana iya ƙwarewa. A jiƙa masa leɓe da ruwa. Ko ya daina magana, a ci gaba da yi masa magana da karatu da addu'a, gama ji yakan daɗe bai ɗauke ba.

Tambayar da 'yan'uwa suka fi yi ita ce, ashe wannan ba rashin bangaskiya ba ne? A'a. Muna roƙon warkarwa, Allah kuwa yana da iko; ya ƙara wa Hezekiya shekara 15. Amma a wannan sura ta 2 Sarakuna 20, Ishaya ya fara ne da gaya wa sarkin ya kintsa gidansa. Yakubu ma ya tara 'ya'yansa kafin ya rasu, ya faɗi inda za a binne shi (Farawa 49). Hosfis kuma ba kisan jinƙai ba ne: ba a yin kome don a gajarta rai. A ganina, ɓoye wa majinyaci gaskiya idan ya nemi sani yana hana shi neman gafara, da biyan bashi, da barin wasiyya, kuma gwauruwa da marayu ne sukan sha wahalar wannan shirun a lokacin rabon gado.

Ikkilisiya tana da abin yi a nan. Dattawa su kai Jibin Ubangiji gida. Zumuntar Mata da matasa su tsara karɓa-karɓa don mai jinya, wadda sau da yawa mace ɗaya ce, ta sami barci. Ziyara ta zama gajeriya, kada a cika ɗakin da hayaniya ko a ɗora wa mara lafiya laifin zunubi. A tsarin hosfis ana ci gaba da ziyartar iyali watanni bayan jana'iza, lokacin da masu zaman makoki suka watse.