Faɗuwar fatar ido sanadin kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa: ko ido yana warkewa?

Wani lokaci bangon jijiyar jini da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yakan yi rauni, ya kumbura kamar ƴar jaka. Idan kumburin ya danne jijiya ta 3 daga cikin jijiyoyin kai 12, wadda ke motsa ido, sai fatar ido ɗaya ta faɗi, idon ya karkata waje, ɗigon baƙin tsakiyarsa ya buɗe, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, galibi da ciwon kai. Wannan ba na jira ba ne: jakar tana iya fashewa, jini ya zuba cikin kai. A garzaya babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa.

Aikin iri biyu ne. Ko a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan jakar da ɗan ƙarfe, ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a cike jakar da zaren ƙarfe.

Bayan aiki, sai haƙuri. Fatar ido ce takan fara ɗagawa, cikin makonni ko watanni. Duban sama da ƙasa yakan jima, har shekara guda. Wanda aka yi wa aiki da wuri, ko wanda idonsa bai shanye duka ba, ya fi samun sauƙi. Wasu ganin biyu-biyun ba ya barinsu gaba ɗaya. Likitan ido yakan taimaka musu da tabarau na musamman ko aikin gyara.